Leda, Shara da Doka a Maradi: Tambayoyi da Amsoshi ga Magidanta da Masu Ƙananan Sana'o'i

Duk lokacin da aka yi shelar tsaftar gari, ko aka ji ana maganar hana leda a rediyo, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa, a ƙofar masallaci bayan la'asar, a bakin famfo, a teburin mai shayi. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a unguwarmu, kuma ina cikin masu fitowa gayyar yashe magudanai kafin damina. Ledar da na ƙulla wa yaro sukari da safe, ita nake tsamowa da cebur daga cikin lambatu bayan wata biyu, ta yi baƙi, ta cika da taɓo. Wannan ne ya sa na shiga tambayar mahauta, 'yan bola-jari, masu lambu da ma'aikatan lafiya. Ga tambayoyin kamar yadda aka yi mini su, da abin da nake amsawa.

Wai wannan dokar hana leda sabuwa ce?

A'a, ta daɗe. Doka ce mai lamba 2014-63, ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, kuma a watan Yunin 2015 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya fayyace yadda za a yi aiki da ita. Abu biyar ta hana a duk faɗin Nijar: ƙera leda mai laushi marar kauri, shigo da ita, sayar da ita, amfani da ita, da tara ta a sito. Ta tanadi tara da ɗauri, kuma hukuncin ya fi nauyi a kan mai ƙerawa da mai shigowa da ita. Kafin ita ma akwai dokar tsaftar jama'a ta 1993 da babbar dokar kula da muhalli ta 1998.

Abin da ke sa mutane su ji ta kamar baƙuwa shi ne ta fi shekara goma a takarda, leda kuwa tana nan a kowane teburi. Sai an tashi aiki da ita a ji kamar jiya aka yi ta. Kwashe shara da keɓe wuraren zubarwa aikin ma'aikatar magajin gari ne da gundumomin birnin guda uku, amma ranar gayya da wurin da aka yarda a zuba, daga bakin mai unguwa za ka fi saurin ji. Shawarata ita ce kada ka jira ranar da jami'in tsafta zai tsaya a ƙofarka. Wanda ya fara sabawa tun yanzu, ranar da aka tsananta ba zai ji komai ba.

Wace leda ake nufi? Har da bokiti da buhu?

Ba su ciki. Bokiti, buta, jarka, kujerar roba da buhun hatsi kaya ne masu kauri, ana shekaru ana moron su. Wadda ake magana ita ce baƙar ledar nan ta cefane da farar ledar ƙulli, waɗanda aikinsu bai wuce daga kasuwa zuwa gida ba, daga nan sai iska ta ɗauka ta rataye a kan bedi.

Malam, ga tsadar hatsi ga rashin kuɗi, leda ce za ta dame mu?

Wannan tambayar ba ta raini ba ce, kuma na fahimci mai yin ta. Amma a dubi inda garin nan yake zaune. Tsohuwar Maradi a kwari take, a bakin Gulbi, sai ambaliyar 1945 ta cinye ta, aka hau tudu aka sake gari. Har yau duk ruwan da ya sauka a kan tudun nan hanyar Gulbi yake nema. In ya sami magudana a buɗe ya wuce lafiya. In ya tarar da ita cushe da leda da yashi, sai ya hau titi, ya bi lungu, ya jiƙa gindin katangar laka har ta kwanta. Wanda ya ga ruwan ƙarshen watan Agustan 2024 a garin nan ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ba leda kaɗai ta jawo wannan ɓarnar ba, ruwan ya yi yawa, amma duk wanda ya sa cebur a magudana bayansa ya san abin da ya tarar.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. Bangaladash ta hana siririyar leda tun 2002, bayan an gano yadda take toshe magudanai a manyan ambaliyoyin ƙasar. Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017, kuma kasuwanninsu ba su mutu ba.

Sai kuma ruwan da ya kwanta. Sauro ba ya bukatar tafki, ɗan ruwan da ya tsaya kwana goma zuwa mako biyu ya ishe shi ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe ya tashi. Kuɗin maganin zazzaɓin yaro ɗaya a watan Satumba ya fi kuɗin kwandon cefane nesa ba kusa ba. Mun kuma ga kwalara a jihar nan a 2018 da 2021, cutar da ke bin ƙazamin ruwa. Saboda haka maganar leda tana cikin maganar tsadar rayuwa, ta ƙofar baya take shigowa.

Da gaske ne leda na kashe dabbobi, ko faɗa ce kawai?

Na gani da idona. Mahaifiyata tana da wata jar akuya mai haihuwar tagwaye. Sai ta fara ramewa alhali tana taɓa abinci, gashinta ya tashi, cikinta ya kumbura ta gefen hagu, in ka danna ka ji abu mai tauri kamar an cusa tsumma. Muka ba ta kanwa, muka ba ta maganin tsutsa, ba abin da ya sake. Da muka ga za ta tafi a banza aka kira mahauci. Yana farka tumbin sai ga dunƙulen leda ya murɗe da igiya, girmansa ya kai ƙwaryar fura, ya yi taurin da wuƙa ba ta shigarsa. Tsohuwar ta daɗe a tsaye tana kallonsa, ba ta ce uffan ba. Akuyar nan ita ce asusunta, da 'ya'yanta take yin kuɗin magani da gudummawar biki.

Dabba ba ledar take so ba, ƙanshin gishiri da mai da ragowar koko take bi. In ta haɗiye ba ta narkewa, tana taruwa a tumbi har ta cika wurin abinci. Babu maganin sha da ke narkar da ita, sai dai likitan dabbobi ya yi aiki ya ciro. Jar akuyar Maradi da ake alfahari da fatarta har ƙasashen waje, yau a bola take kiwo. Duk ledar da ta taɓa abinci, kada a jefa ta inda bakin dabba zai kai.

To na yarda. Ta ina zan fara a gidana?

Daga tsintsiya. In ka ɗaga kwandon sharar gidan Bamaraɗe ka ji nauyi, yawancinsa yashin tsakar gida ne da toka. Wannan ba shara ba ce, ƙasar gidanka ce kake biyan mai amalanke ya tafi da ita, shekara ta zagayo kuma ka sayi yashi ka cike ramin da tsintsiya ta yi. A fara tsince leda da hannu kafin a sa tsintsiya. Abin da aka tara a zuba a tsohuwar rariya ko kwandon da ya huhhuje a girgiza, yashin ya koma inda ya fito.

Bayan haka mazubi uku sun isa, kuma babu wanda za a saya. Tsohon bokiti mai murfi a kusa da madafa, na abin da ke ruɓewa: ɓawon albasa, ganye, ragowar tuwon da dabba ba ta ci ba. Buhu guda a rataye a ƙusa, sama da inda akuya ke kai baki, na leda da roba da kwali. Sai gwangwanin madara mai murfi a kan katanga, nesa da hannun yara, na abubuwa masu cutarwa irin su batir, reza da fasasshiyar kwalba.

Sirrin duka ɗaya ne: kada jiƙaƙƙe ya haɗu da busasshe. Kwali mai tsabta kuɗi ne, ɓawon kabewa taki ne, amma in miya ta zuba a kan kwalin, leda ta shiga cikin ɓawon, duka biyun sun tashi daga aiki, sun zama abin da ƙuda kaɗai ke so. Iyayenmu mata ba su san wata kalma ta zamani a kan wannan ba, amma haka suke yi: dusa da ƙasari na dabbobi, toka ta ruwan toka, ƙwaryar da ta fashe a ɗinke ta. Leda ce ta zo ta rikita tsarin, don ita kaɗai ce ba ta da wurin komawa.

A damƙa wa yara buhun. Yaro ɗan shekara bakwai in aka ce masa kuɗin robar da aka sayar nasa ne, ba za ka ƙara ganin murfin kwalba a ƙasa ba.

Gidan haya muke, mu iyali biyar, tsakar gidan ba ta da faɗi.

Ku yi buhu ɗaya da bokiti ɗaya na kowa, a yi karɓa-karɓar fitarwa kamar yadda ake yi da wankin makewayi. Kuɗin da aka samu a sayi tsintsiya da sabulu na gida.

Yaya ake mayar da ragowar abinci taki ba tare da wari ba?

A haƙa rami a inuwa, zurfinsa zuwa gwiwa ko ya ɗan fi. A shimfiɗa kara ko busasshen ganye a ƙasa, a zuba na bokitin, a bi da kashin awaki ko na kaji, a barbaɗa toka kaɗan wadda ta huce, a rufe da ƙasa ko busasshen ganye. Haka za a riƙa jerawa. A yayyafa ruwa ya yi danshi kamar tsumman da aka matse, kada ya yi caɓi. Duk mako biyu a juya shi da cebur don iska ta shiga. In ka soka sanda ka zaro ka ji ta da ɗumi, aiki na tafiya. Wari alama ce ta ruwa ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sai a ƙara busasshen ganye a juya. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya daka.

Kada a sa nama, ƙashi, kashin kare ko ƙunzugun yara na zamani. Wanda ba shi da gona ma bai yi asara ba. Manoman kewayen gari sun daɗe suna kwasar juji da amalanke kafin shuka, kuma kukansu kullum ɗaya ne, leda ta yi yawa a ciki, tana hana ruwa shiga ƙasa, tana naɗe saiwar gero. Takin da ba leda a ciki, masu lambun fadamar Gulbi da na Jiratawa sun san darajarsa.

Me 'yan bola-jari ke saye, me ba su saye?

Ƙarfe, alminiyam, tagulla, fasasshen bokiti, buta, kujerar roba, jarka, tsofaffin silifa, kwalabe. Yawanci da kilo ake awo. Alminiyam wani a nan garin maƙera ke narka shi su zuba tukwane da ludaya. Roba kuwa da yawanta hanyar Ɗan Isa take bi, ta Jibiya da Katsina zuwa Kano, inda masana'antu ke niƙa ta su sake zuba wasu kayan. Shi ya sa farashinta ke hawa da sauka tare da naira da halin da iyaka ke ciki.

In ka juya gindin roba sau da yawa za ka ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo, 2 jarka, 4 leda mai laushi, 5 yawancin bokitai da kujeru. Ba a narka su tare, don haka wanda ya kawo kayansa a rarrabe, a bushe, ba yashi, ya fi ƙarfin ciniki. Farin kwanon nan marar nauyi na zuba shinkafa, lamba 6, da wuya ka sami mai saye, gara a guje shi tun farko.

Gora mai lafiya kada a murƙushe ta, masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa suna nema. Su kuma masu sayen, don Allah a wanke da sabulu da ruwa mai kyau, kuma a san inda gorar ta fito. Wadda aka tsinto a juji ba ta abin sha ba ce.

Abu ɗaya da ke ci mini rai: yaran da ke ƙona waya a bayan gari don su cire tagulla. Hayaƙin nan guba ne, kuma ƙirjinsu yake shiga. A feɗe wayar da wuƙa.

Ledar piya wata fa? Ita ce ta fi yawa a ƙofar shagona.

Ita ma tana da mafita in ta bushe kuma ba ta sha ƙasa ba. Masu renon itatuwa suna cika ta da ƙasa su shuka iri. Akwai kuma masu narka leda su gauraya da yashi su zuba tubalin daɓen titi, ana yin wannan a Yamai. Matsalarta rashin nauyi, sai an tara buhu da yawa kafin ta yi kilo mai ma'ana. Gida ɗaya ba zai ga amfanin ba, layi guda zai gani. Mai sayar da ruwan ya rataye buhu kusa da kularsa, ya riƙa ce wa mai sha "ga wurin sawa nan". Mutane sun fi bin wannan fiye da yadda ake zato.

Ni ƙonawa nake yi kowace yamma. Ai ta fi a bar ta a titi?

Ba ta fi ba, Alhaji. Ledar ta ɓace daga ido, ta koma huhun iyalinka da na maƙwabta. Wutar juji ba ta da zafin da za ta cinye roba sarai, sai ta riƙa ci a hankali tana fitar da baƙin hayaƙi mai ɗauke da guba, har da wadda ake kira dayoksin, musamman in akwai bututun roba ko rigar waya a ciki. Mai asma, jariri da tsoho su ne ke fara biya. A lokacin hunturu, da iska ta kwanta da magariba, hayaƙin ba ya tashi sama, a cikin unguwa yake kwana.

Haka nan kunna gawayi da leda, wanda ya zama ruwan dare a gidajenmu. Uwargida tana duƙe a kan murhu tana hurawa, da goyo a bayanta. Kara, ɓawon gyaɗa, tsinken tsintsiya ko guntun kwali duk suna kama wuta.

Ɗana, ni ƙosai da koko nake sayarwa. In ba leda, a me zan zuba wa mutane?

Inna, tambayarki ta fi ta kowa nauyi, don ke ribar dala-dala kike ci, kuma ba ke kika kawo leda garin nan ba. Ba na goyon bayan a fara tsanantawa ta kanki alhali dilolin leda na shigowa da mota.

Amma ki duba masu sayenki. Yawancinsu 'yan unguwa ne, yaran da aka aiko daga gida uku ko huɗu. Kafin leda da kwano suke zuwa, kuma kwanukan suna nan a gidajen. Ki fara da su: "Gobe ka zo da kofi, zan ƙara maka ludayi." Ƙarin ludayin nan bai kai kuɗin ledar da kike saye ba. Ƙosai kuwa takarda mai tsabta ta fi masa, tana shanye mai, ba ya yin gumi ya yi laushi. Sai dai a guji takardar da aka yi wa rubutun inji, tawada na bin mai, kuma masu tsire su bar takardar buhun siminti su nemi sabuwa. Ga baƙon da ke wucewa, ki ajiye kofuna biyu ko uku da ruwan wanki, ya sha a nan.

Akwai kuma maganar lafiya. Zafi da mai suna sa sinadaran roba su riƙa shiga abinci. Koko mai tururi a farar leda, alalar da aka dafa a leda, tuwon da aka naɗe da zafinsa, duk ba alheri ba ne. Alala a gwangwani ake yin ta da, tuwo kuma a malmala shi a kwano a rufe da faifai.

Ina da shago. In na hana leda, ba za su koma wajen na kusa da ni ba?

Za su koma in kai kaɗai ka yi, kuma ka yi da tsawa. Ni ban hana ba a rana ɗaya. Na fara da daina ba da leda huɗu ga mai sayen abu huɗu: ashana, magi, sabulu da shayi duk su shiga ɗaya. Mai sayen abu ɗaya da zai iya riƙewa a hannu, sai ya nema nake ba shi. Mai da kananzir a kwalbar mai saye nake aunawa. Na ba wani tela buhunan shinkafa da na fulawa da suka ƙare, ya ɗinka mini jakunkuna masu hannu, ina sayar da su a kuɗin ɗinki, abokan ciniki na kullum kuma na ba su kyauta. Wata Hajiya har yau da tata take aiko jikanta, ta kusa shekara.

Ka zauna ka yi lissafin abin da leda ke ci maka a wata, za ka ga jikkunan da ba ka taɓa ƙirgawa ba. Sannan ka sami masu shagunan layinku ku yi magana ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwali kuma kada ka bari ruwa ya taɓa shi, ka buɗe shi ka jera a ɗaure.

An ce akwai leda mai ruɓewa. In na saye ta na huta?

Dokar ta bar ƙofa ga wadda aka tabbatar da ingancinta, amma rubutun da ke jikin leda ba shaida ba ne, ka nemi takarda wajen dillali. Ka kuma sani akwai irin da ba ruɓewa take ba, marmashewa take ta zama gutsattsari a cikin ƙasa, har Tarayyar Turai ta hana irinta tun 2021. Akuya kuma ba ta karanta abin da aka rubuta, in ta haɗiye ta kafin ta marmashe matsalar tana nan. Kwandon kaba da jakar buhu sun fi kwanciyar hankali, kuɗin kuma a hannun masu saƙarmu yake tsayawa.

Tsohon batir, allura da gorar maganin ƙwari, ina za a kai su?

A nan ne nake roƙon a fi kula. Batirin mota, na babur da yawancin na sola da suka cika gidaje yanzu, dalma ce a cikinsu da ruwan asid. A mayar da shi dungurungum ga mai sayarwa ko mai sayen tsofaffi, kada a fasa shi a gida, kada a tsiyaye ruwansa a ƙasa. A wata unguwa ta Caroy, a gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalmar da ta cika ƙasar unguwar daga fasa tsofaffin batura. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai sa a gudu, a hankali take cin ƙwaƙwalwar yaro.

Ƙananan baturan tocila da rediyo a tara su a gora mai murfi, kada su shiga wuta ko ramin taki. Allurar mai ciwon sukari a jefa ta a gora mai kauri, in ta kusa cika a rufe a kai gidan likita mafi kusa, haka ma maganin da ya lalace. Gorar fiya-fiya ko ta maganin feshin gona kuwa, komai kyanta, a ɗauraye ta sau uku a zuba ruwan a cikin injin feshi, a huda ta yadda ba wanda zai ƙara zuba ruwan sha ko mai a ciki.

Mu masu gyaran babur da teloli da masu aski fa?

Bakanike ya tara baƙin mai a jarka ko duro, akwai masu saye. Kada a zuba shi a ƙasa ko a magudana da sunan kashe sauro, yana nutsewa ya nemi ruwan rijiya. Tela ya tara ƙyallaye a buhu, masu matashin kai da kanikawa na so. Mai aski ya sa reza a gwangwani mai ƙaramar kafa, in ya cika ya danne bakin. Na taɓa ganin yaron da reza ta yanka a tafin ƙafa a kan juji, ba takalmi, jini na zuba yana ta tsince-tsincensa.

Ina biyan mai amalanke yana kwashewa. Ai na fita, ko?

Sai ka san inda yake kaiwa. In a kwazazzabon bayan unguwa yake juyewa, ruwan farko zai dawo da ita ko ya kai ta Gulbi, inda ake noman abin da za ka saya a kasuwa ranar Litinin ko Juma'a. Ka tambaye shi cikin mutunci, kuma ka tuna in wurin da aka keɓe yana da nisa, jakinsa ne ke shan wahalar. In ka cire yashi da abin taki, kayanka sun ragu ƙwarai, tafiyar ta yi masa sauƙi. Buhun robar ma kana iya bar masa ya zama ƙarin ladansa. Fasasshiyar kwalba a naɗe ta, a gaya masa tana ciki. Da hannu yake aiki.

Maƙwabcina a magudana yake zuba shararsa da dare. In kai ƙararsa?

Kada ka fara da ƙara. Ka same shi shi kaɗai, bayan sallah, ka nuna masa inda ruwan ke taruwa a gindin katangarku duka biyu. Sau da yawa ba shi ne ke zubawa ba, yaro ake aikawa, yaron kuma ya nemi wuri mafi kusa. In bai ji ba a sa dattijon layi ko liman, sannan mai unguwa. Hukuma ita ce ta ƙarshe, don bayan ta tafi ku ne za ku ci gaba da gaisawa. Malamanmu kuma su taimaka a huɗuba, tunda ya tabbata a hadisi cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce.

Ranar biki ko suna fa, da jama'a suka cika ƙofar gida?

A rataye buhu biyu a jikin rumfa tun kafin a fara raba ruwa, a sa samari biyu su kula. A tsince kafin a saki awaki da safe.

Yaushe ya kamata a yi gayyar yashe magudanai?

A watan Mayu, kafin ruwa ya zauna a Yuni, sannan a sake bi sau ɗaya a tsakiyar damina. A fara daga ƙasa, ta wajen da ruwan ke fita, a hauro sama, in ba haka ba abin da kuka saki zai je ya toshe na gaba. A sa takalmin roba da safar hannu, yara kuma su tsaya a ɗebo ruwan sha, kada su shiga ramin.

Kuskuren da muka yi shekara biyu a jere shi ne tara abin da aka yaso a bakin magudanar, a watse ana murna. Kwana kaɗan iska da ƙafafun dabbobi da ruwan farko suka mayar da shi inda ya fito. Yanzu kafin mu sa ranar gayya sai mun yi magana da masu amalanke uku mun haɗa kuɗinsu gida-gida. A bar taɓon ya sha rana kwana biyu ya yi sauƙin ɗauka, a tsince ledar a buhu, a kwashe sauran a rana ta uku.